Gudun da Aka Aro Daga Hoto: Lamarin Commodore 128

Duk wanda ya zauna gaban kwamfutar Commodore 128 da aka jona wa talabijin, ya rubuta FAST ya danna RETURN, abin da zai fara gani shi ne rubutu ya ɓace ɗungurungum. Allon ya koma launi ɗaya, babu harafi babu alama. Injin bai mutu ba, bai kuma maƙale ba. Yana nan yana aiki, har ma da ninkin gudun da yake yi kafin a danna. Sai mutum ya laluba kibod a makance ya rubuta SLOW, sannan rubutun ya dawo inda aka bar shi. Wannan ba matsala ba ce da ta kuɓuce wa masu ƙira. Da gangan aka yi ta haka, kuma dalilin da ya sa aka yi ta haka shi ne abin da ya fi komai bayyana yadda gudu yake a kwamfutocin gida na shekarun 1980.

An fara nuna Commodore 128 a watan Janairun 1985, a bikin baje kolin kayan lantarki na birnin Las Begas a Amurka. Bil Herd ne ya jagoranci ƙirar fanel ɗinta, shi da ƙaramar tawagar injiniyoyi a hedikwatar kamfanin da ke jihar Fensilbaniya, kuma cikin watanni kamar biyar suka haɗa ta don kada bikin ya wuce su. Nauyin da ke kansu kuwa babba ne. Yayarta, Commodore 64, wadda ta fito a 1982, ta riga ta cika gidaje a Amurka da Turai, mutane sun tara faya-fayai da kaset na wasanni da manhajoji. Kamfanin ya ɗanɗana kuɗarsa a 1984 da ya fitar da Plus/4, wadda ba ta iya karanta kayan C64, kasuwa ta juya mata baya. Saboda haka sharaɗin sabuwar a fili yake: ta fi C64 ƙarfi, amma duk abin da C64 ke ci ita ma ta ci. Waɗannan buƙatu biyu ba sa shan inuwa ɗaya, kuma a wajen agogo ne suka yi karo.

Turmi ɗaya, taɓarya biyu

Furosesan C64, mai lamba 6510, yana tafiya ne da bugun agogo kusan miliyan ɗaya a daƙiƙa, wato megahaz 1. Amma ba daidai cif ba. Wadda aka ƙera don Amurka tana yin 1.023, ta Turai kuma 0.985. Waɗannan lambobi masu ɓarɓashi ba daga furosesa suka fito ba, daga talabijin suka fito. Kwamfutar gida a lokacin ba ta zuwa da allonta, talabijin ɗin falo ake jona mata, don haka dole ta yi magana da harshensa. Tsarin launi na Amurka, NTSC, yana buƙatar mita mai megahaz 3.579545, a ninka shi huɗu a sami kiristal, wato ɗan dutsen da ke ba da bugun agogo, mai megahaz 14.318, a raba wannan gida 14 a sami gudun furosesa. Tsarin PAL na yawancin Turai, wanda shi ne talabijin ɗin Najeriya ma ya bi, yana ba da kiristal mai 17.734, a raba shi gida 18. Daga ɗan wannan dutse guda ɗaya ake yanko launi, a yanko saurin zana ɗigo a allo, a yanko bugun furosesa, a yanko muryar aisin sauti mai suna SID.

Shi ya sa hanyar da ta fi saurin zuwa wa mai gyara a rai, wato ya cire kiristal ya sa mafi sauri, ba ta ɓullewa a nan. Kana canza shi launi ya tafi, hoto ya fara birgima, kiɗa ya haura sama. Ko ɗan bambancin da ke tsakanin injin Amurka da na Turai, wanda bai kai kashi 4 cikin 100 ba, ya isa ya sa lamba ɗaya da aka ba SID ta fito da murya biyu daban.

Amma babban ƙulli yana wajen memori. Aisin hoto, VIC-II, ba shi da memorin kansa. Daga RAM ɗin da furosesa ke aiki da shi yake ɗebo abin da zai zana. Yadda aka sasanta su kuwa shi ne irin luguden mata biyu a turmi ɗaya: wannan ta ɗaga taɓarya, waccan ta sauke, babu mai jiran wata, babu kuma taɓaryar da ke bugun 'yar'uwarta. Kowane bugun agogo an raba shi biyu. Rabin farko na VIC-II ne, rabi na biyu na furosesa. Furosesan dangin 6502, wanda 6510 ke cikinsu, dama ba ya taɓa memori a rabin farko, don haka aka sami gurbin a kyauta. Memorin yana amsa kira kusan sau miliyan biyu a daƙiƙa, miliyan ɗaya ga kowanne.

Ko a hakan rabon bai ishi VIC-II ba. Allon rubutu yana da layuka 25, kowanne harafi 40. A farkon kowane layi, VIC-II kan tsayar da furosesa cak na bugu 40 da 'yan kai, ya kwashi haruffan layin gaba ɗaya, sannan ya sake shi. Idan aka tara, bugu dubu ne da ɗoriya a cikin 19,656 da ke cikin hoto guda na injin PAL, wajen kashi 5 cikin 100. Wannan ɗan tsaikon ne ya sa C64 take rufe allo idan tana karanta kaset, domin karatun kaset awon lokaci ne zalla, tsaiko kaɗan ya ɓata shi. Shi ne kuma ya sa aka rage wa injin faifai na 1541 saurin turo bayanai idan aka kwatanta da 1540 da ya gabace shi. Tun kafin a haifi C128, ke nan, hoto da furosesa suna rigimar lokaci.

Abin da FAST ke yi a zahiri

Furosesan C128, mai lamba 8502, yana iya megahaz 2. Tambayar ita ce a ina zai samu gurbin bugun da aka ƙara masa. Memorin bai ƙara sauri ba. Kiristal ba a taɓa shi ba. Gurbi ɗaya tak ya rage, wato rabin VIC. Aka sake ƙera aisin hoton, aka kira shi VIC-IIe, aka ƙara masa makunni a adireshi na 53296. Idan aka rubuta 0 a wurin, lugude ya ci gaba yadda aka saba. Idan aka rubuta 1, furosesa ya karɓe taɓarya biyun duka, yana daka a rabinsa yana daka a rabin abokinsa. VIC-IIe yana nan yana fitar da sigina zuwa talabijin, yana kuma ci gaba da ɗan aikinsa na farfaɗo da memori don kada bayanai su zube, amma idan ya miƙa hannu ɗaukar hoto, abin da ya tarar a kan wayoyi bayanan furosesa ne. Wanda ya rubuta POKE 53296,1 kai tsaye, wato umarnin saka 1 a wannan adireshi, zai ga allo ya cika da tarkace masu walƙiya. Umarnin FAST na BASIC 7.0, harshen rubuta shirye-shirye da ke cikin C128, yana kashe nunin ne tukuna don kada mai shi ya tsorata, shi ya sa ake ganin launi ɗaya.

Abin da ya burge ni a wannan ƙira shi ne abin da bai canza ba. SID yana nan a bugunsa na da, don haka kiɗa ba ya sauya murya. Aisin CIA guda biyu masu ƙidayar lokaci suna nan a megahaz 1. Duk lokacin da furosesa zai yi magana da ɗayansu, sai a ja masa bugun ya yi tsawo har ya dace da nasu, ya gama ya ci gaba da gudunsa. Manhajar gindi ta injin kuma, wato wadda aka gina a cikinsa, idan za ta yi hulɗa da injin faifai ko kaset, da kanta take saukowa megahaz 1, ta gama ta koma. Mai gwadawa zai iya sa kwamfutar ta ƙirga daga 1 zuwa 10,000 ya auna da agogon TI na cikin BASIC, ya maimaita bayan FAST. Zai ga lokacin ya ragu zuwa kusan rabi, agogon kuwa bai yi ƙarya ba domin shi ba a ƙara masa gudu ba. Wannan tsafta ce ta aiki. An ninka abu ɗaya, an bar sauran a inda suke.

To amma me mutum zai yi da kwamfuta mai sauri marar hoto? Amsar Commodore ita ce aisin hoto na biyu, 8563, wanda ake kira VDC. Wannan yana da memorinsa na kansa, kilobayit 16, da kiristal ɗinsa daban, yana fitar da rubutu mai harafi 80 a layi ta wata kafa dabam a bayan injin. Tunda ba ya cin tuwo a kwano ɗaya da furosesa, FAST ba ya shafarsa ko kaɗan. Mutum ya danna maɓallin 40/80 DISPLAY kafin ya kunna, ya rubuta FAST, ya ci gaba da aikinsa yana gani. Manhajojin rubutu da na lissafin kasuwanci da aka yi wa C128 takanas nan suka zauna, haka ma manhajar sarrafa inji ta GEOS 128 ta kamfanin Berkeley Softworks.

Sai dai kuɗin shiga wannan ɗaki yana da tsada ta fuska biyu. Ta farko, talabijin ba ya karɓar siginar VDC mai launi. Sai an sayi monita ta musamman irin 1902 ta Commodore ko makamanciyarta, ga shi kuwa yawancin masu sayen irin wannan inji sun zaɓe shi ne don araha. Ta biyu, VDC ba a yi shi don wasa ba. Ba shi da 'yan hotunan nan masu yawo da kansu da VIC ke da guda takwas. Furosesa ba ya iya taɓa memorinsa kai tsaye, sai ta wata 'yar taga mai adireshi biyu kacal, 54784 da 54785: ka faɗi inda kake so, ka jira ya ce ya shirya, ka miƙa bayit ɗaya, ka sake jira. Wani kaso na gudun da aka samu a nan yake narkewa. Ga wani abu kuma da ba kowa ya lura da shi ba a kanti: BASIC 7.0, saboda yawan tsalle tsakanin ɓangarorin memori biyu na kilobayit 64, ya fi BASIC ɗin C64 nawa idan duka suna megahaz 1. Wanda ya kai sabuwar kwamfuta gida ya jona talabijin, zai iya tarar da shirinsa na BASIC yana tafiya a hankali fiye da a tsohuwar.

Furosesa na biyu da ke cikin injin, Z80 na gudanar da manhajar sarrafa inji mai suna CP/M, shi ma wannan rabon ya ci shi. Aisin mai iya megahaz 4 ne, amma tunda rabin lokaci na VIC ne, abin da yake samu a aikace kamar 2 ne.

Ƙofar da aka bari a buɗe

Idan aka riƙe maɓalli mai tambarin Commodore lokacin kunnawa, ko aka rubuta GO64, injin kan rikiɗe ya zama C64. An ɓoye kusan duk sababbin abubuwa don kada tsofaffin manhajoji su yi tuntuɓe da su. Amma makunnin 53296 yana cikin VIC-IIe, kuma yana aiki a wannan hali ma.

Da farko matsala ya kawo. VIC-II na asali adireshi 47 yake da su, daga 53248 zuwa 53294. Abin da ya biyo baya fanko ne, ko me ka rubuta a wurin ba ya zuwa ko'ina. Wasu masu rubuta wasanni, wajen share fage a farkon shiri, sukan zuba jerin lambobi a adireshin VIC su zarce iyaka, tunda sun san ba abin da zai faru. A C128 sai ga shi wani abu yana faruwa: lamba ta faɗa 53296, injin ya tashi a guje, allo ya hargitse. Shirye-shiryen da wannan ya shafa ba su da yawa, amma suna cikin 'yan kaɗan ɗin da suka hana a ce C128 tana cin kayan C64 ɗari bisa ɗari.

Daga baya masu wayo suka mayar da ramin rijiya. Abu na farko, adireshin ya zama hanyar gane inji: ka karanta shi a C64 ka sami 255, ka karanta a C128 ka sami 252. Shiri zai iya sanin inda yake ba tare da ya tambayi kowa ba. Abu na biyu shi ne dabarar da na fi ƙauna a wannan labari gaba ɗaya. Talabijin yana zana hoto ne layi-layi daga sama zuwa ƙasa. A PAL layuka 312 ne a kowane hoto, sau 50 a daƙiƙa. A NTSC 263 ne, sau 60. Amma tsakiyar allo inda rubutu da zane suke layi 200 ne kawai. Sauran gefen sama ne da gefen ƙasa, masu launi ɗaya, da kuma lokacin da hasken ke komawa sama. A duk wannan tsakani VIC ba ya buƙatar ɗebo hoto daga memori. Taɓaryarsa a jingine take. VIC kuma yana iya taɓa furosesa ya sanar da shi idan zane ya kai wani layi da aka zaɓa. Sai a ce masa: idan ka kai ƙarshen layuka 200 na tsakiyar allo ka taɓa ni. Yana taɓawa a kunna megahaz 2. Dab da zai fara hoto na gaba ya sake taɓawa, a kashe. Sau 50 ko 60 a daƙiƙa ana wannan kunna-kashe, ido ba ya ganin komai, hoto lafiya lau.

Lissafin ribar mai sauƙi ne. A PAL layi 112 ne ke wajen hoto. Idan kowannensu ya ba da aikin layi biyu, an sami 424 maimakon 312, ƙarin kashi 36 cikin 100 ke nan a takarda. A NTSC layi 63 ne, an sami 326 maimakon 263, wajen kashi 24. A cire wahalar kunnawa da kashewa, a sauko kaɗan. Mujallar COMPUTE!'s Gazette ta Amurka ta buga irin wannan shiri a 1986 don masu karatu su kwafa da hannu, kuma ƙarin da ake samu da shi wajen kashi 20 ne. Abin lura shi ne injin Turai, wanda a takarda ya fi na Amurka nawa, shi ya fi cin ribar dabarar saboda gefensa ya fi faɗi. Sharaɗi ɗaya ne: wanda yake so ya nuna 'yan hotuna masu yawo a cikin gefen allo, dole ya bar wa VIC waɗannan layukan.

Ga wasan da ke lissafin siffofi masu kusurwa kafin ya zana kowane hoto, kashi 20 ko 30 ba ƙaramin abu ba ne, ana jin sa a hannu. Duk da haka kamfanonin wasanni kaɗan ne suka damu su saka. Masu C64 sun ninka masu C128 yawa, kuma faifan da aka yi wa C64 yana tafiya a duka biyun. Mai kasuwa ba zai biya ma'aikaci ya ɓata mako kan abin da tsiraru za su gani ba. Haka C128 da yawa suka ƙare rayuwarsu a matsayin C64, furosesansu yana tafiyar rabin ƙarfinsa, har aka daina ƙera ta a 1989.

Da wata hanya?

Akwai, kuma an riga an bi ta a Ingila. BBC Micro ta kamfanin Acorn da ke Kambirij, wadda ta fito a ƙarshen 1981, tana tafiyar da 6502 a megahaz 2 da hoto a buɗe. Sirrin ba wani abu ba ne illa memori mai amsa kira sau miliyan huɗu a daƙiƙa, biyu ga furosesa biyu ga hoto. Lugude iri ɗaya ne, turmin ne ya fi sauri. Amma injin ya fi tsada, kuma ba shi da wata yaya da zai yi wa biyayya. C128 kuwa tana ɗaure da VIC-II, wanda dubban wasanni suka haddace lokutansa bugu-bugu: 63 a layi a PAL, 65 a NTSC. Masu rubuta wasa suna ƙirga waɗannan bugun da hannu don su canza launi a tsakiyar layi ko su buɗe gefen allo. Sabon aisin hoto mai ninkin sauri, wanda kuma zai riƙe kowane ɗayan waɗannan lokuta daidai, ba aikin wata biyar ba ne.

Don haka ni ban ga laifin Herd da mutanensa ba a kan allon da ke rufewa. Da abin da ke hannunsu, sun samo megahaz guda cur daga inda babu wanda ya ajiye shi, ba su kuma karya sauti ko agogo ko faifai ba. Inda nake ganin an yi sake shi ne wajen talla. An rubuta megahaz 2 a jerin abubuwan da injin ke da su, alhali mai talabijin, wanda shi ne ainihin mai sayen Commodore, ba zai taɓa ganin wannan gudu da idonsa ba sai dai ya ga sakamakonsa bayan ya rubuta SLOW. Ya kamata a ce kamfanin da kansa ya saka dabarar gefen allo cikin manhajar gindi, a matsayin umarni na uku tsakanin FAST da SLOW. Kayan aikin duk suna cikin injin tun ranar farko. Masu amfani ne suka haɗa su.

Cikakken maganin ya zo ne bayan kamfanin ya durƙushe a 1994. A 1996 wani ƙaramin kamfani a jihar Masacusets, Creative Micro Designs, ya fitar da SuperCPU, akwati da ake cusawa a kafar katirij ta bayan C64, daga baya aka yi na C128. A ciki akwai furosesa 65816 mai megahaz 20 da memorinsa mai sauri. Shi ke yin duk lissafi a ɗakinsa, tsohon furosesan yana zaune. Abin da kawai yake aika wa tsohon memori shi ne kwafin abin da ya rubuta, domin VIC ya samu abin zanawa, kuma wannan aiken yana bin layin megahaz 1 kamar kowa. Shirin da ke yawan rubutu a memori yakan tsaya jiran wannan layi, shi ya sa aka ba masu shirye-shirye damar taƙaita kwafin zuwa yankin da VIC ke kallo kaɗai. A jikin akwatin kuma an sa makunni na hannu mai mayar da injin megahaz 1, saboda wasannin da ke auna lokaci da ƙirgen bugun furosesa, waɗanda in an bar su a 20 mota kan faɗa rami tun mai wasa bai kama sandar tuƙi ba.